Kalmomin da Loretta ta Manna a Jikin Firij

Ranar da na fara aiki a gidan Nonna Assunta, 'yarta Loretta ko ɗakin kwanana ba ta nuna mini ba, sai ta ja ni kicin ta tsayar da ni gaban firij. Wata takarda ce manne a jiki, an jera kalmomi da jan biro. Ta ce in haddace su yadda na haddace lambar wayata, domin uwarta ta mance Turanci. Shekara hamsin da ɗaya matar nan tana zaune a wannan gida na Rosebank, a tsibirin Staten Island. Ta yi cefane da Turanci, ta yi faɗa da maƙwabta da Turanci, amma da ciwon mantuwa ya kama ta sai ya share shi tas, ya bar mata Italiyancin da ta taso da shi a wani ƙauye kusa da Napoli. Ita kuma Loretta a nan aka haife ta, abin da ta tsinta na harshen uwarta bai wuce na kicin da na tsawa ba.

Ni Zuweira, haihuwar Aboabo ce a Kumasi. A lokacin, ƙarshen shekarar 2014, na kai shekara shida ina aikin kula da tsofaffi a New York, kuma in faɗi gaskiya ina ji da kaina a wannan aikin. Ina zaune a unguwar University Heights da ke Bronx tare da Anti Abiba, ƙawar mahaifiyata. Duk Litinin da sassafe nakan hau jirgin ƙasa har ƙarshen Manhattan, in shiga jirgin ruwa in ƙetare zuwa St. George, sannan in kama bas. A gidan Nonna nake kwana har yammacin Juma'a, lokacin da Loretta za ta taso daga New Jersey ta karɓe ni.

Tun a daren farko na rubuta Hausar kowace kalma a gefenta. Acqua, ruwa. Freddo, sanyi. Bagno, banɗaki. Dolore, ciwo. Aspetta, dakata. Piano piano, a hankali. Basta, ya isa, wadda ita ce na fi sha idan ina taje mata gashi. Vieni qua, zo nan. Grazie, na gode. Siediti, zauna. Mangia, ci. Nonna ma kanta ma'anarta kaka, kuma haka duk unguwar ke kiranta, har mai kawo wasiƙu. Kafin sati biyu na iya su duka. Idan na faɗi wata ba daidai ba sai tsohuwar ta kama haɓata da yatsu biyu ta maimaita mini, tana buɗe baki, har sai na faɗa yadda take so. Wata ukun farko ta ƙara mini wadda ba ta cikin takardar, figlia mia. Na tambayi Loretta a waya, ta ce ma'anarta 'yata.

Abu guda Loretta ta ja mini kunne a kai, kuma ba ta yi kwana-kwana ba. Likita ya ce tsohuwar tana ramewa. Nas za ta riƙa zuwa duk sati biyu ta ɗora ta a sikeli. Idan nauyinta ya tsaya, za ta ci gaba da zama a gidanta. Idan ya ci gaba da sauka, ba makawa sai gidan tsofaffi, inda za a sa mata ido dare da rana. Loretta ta ce uwarta ta taɓa sa ta rantsuwa, tun tana cikin hankalinta, cewa ba za a fitar da ita daga gidan nan ba sai a akwati. Na ce mata ta kwantar da hankalinta. Har da bugun ƙirji na yi, na ce tsohuwar da ta shigo hannuna ba ta ramewa.

Na duƙufa. Loretta ta koya mini pastina, wata taliya ƙanana kamar tsaki da ake dafawa a romon kaza. Ta koya mini miyar wake da taliya. Ta kwashe duk wani abin alade daga gidan saboda ni, ba tare da na roƙa ba. Ni kuma na yi girki iya girki. Idan na gama sai in shirya a tire, in kai teburin cin abinci, wani ƙaton tebur mai kujeru takwas, in zaunar da Nonna a kujerarta ta kusa da ƙofar kicin, in ɗaura mata tawul, in ɗan rusuna, in juya.

Kullum kafin in kai ƙofa sai ta ce, "Siediti. Mangia."

Na san ma'anarsu sarai, ni da na rubuta da hannuna. Zauna, ci. Amma a kunnena ba su wuce tayin da kowane mai mutunci ke yi ba. A zongo idan ka iske mutum yana ci zai ce maka bismillah, kai kuma ka ce alhamdulillahi, ka wuce. Ba wanda ke jawo kujera. Wanda ya jawo kuwa sai an yi shekara ana ba da labarinsa. Don haka sai in dafa ƙirji in ce grazie, Nonna, grazie, in shige kicin in jawo ƙofa.

Kuma ba tayin kaɗai ba ne. Kakata Mma Rukaya ce ta raine ni, kuma a gidanta yaro ba ya tsayawa a kan babba yana ci. Ina da shekara bakwai na kai wa kawuna tuwo na tsaya ina kallonsa, ba don komai ba sai don yadda gemunsa ke rawa. Marin da na sha ranar har yau kunnena na hagu bai yafe ba. Mma Rukaya ta ce babba yana buƙatar sirri da kwanonsa kamar yadda yake buƙatarsa a makewayi, ka ajiye, ka fita, sai an kira ka ka dawo. Na girma da wannan, na ƙetare teku da shi, kuma ina ganinsa a matsayin mafi kyawun abin da zan iya yi wa tsohuwar da na fara so. Ga kuma dokar kamfanin da ya turo ni, wadda ta hana ma'aikaci cin abincin gidan da yake aiki. Nawa abincin, wake da shinkafar da nake ƙunsowa daga Bronx, a tsaye nake ci a kicin, da sauri, bayan ƙofar da na rufe.

Idan na dawo bayan minti ashirin sai in tarar ta ture farantin zuwa gaban kujerar da ke kusa da ita. Ta gutsure burodin biyu, ta ajiye rabi a can, rabi a gabanta, ba ta ci ko ɗaya ba. Ta naɗe hannuwa tana kallon ƙofar kicin. Sai in jawo farantin in mayar gabanta, in tsaya a kanta da cokali. Ta karɓi biyu ko uku don kunyata, sannan ta kau da kai ta ce basta. Na rubuta a littafin rahoto cewa tana wasa da abinci, alamar ciwon yana gaba. Haka na rubuta, da kyakkyawan rubutuna, sati bayan sati.

Nas ta zo a Janairu, laba biyu ta tafi. Ta zo a Fabrairu, uku. Zoben aurenta ya fara zamewa, na ɗaure shi da zare.

Wata Laraba cikin Maris famfon kicin ya fashe, aka turo wani mai gyara, ƙaton mutum mai yawan surutu. Ya gama daidai lokacin da na kai abincin rana, miyar wake da taliya. Nonna ta gan shi zai wuce ta ce masa siediti, mangia. Bawan Allah nan ko gardama bai yi ba. Ya wanke hannu, ya jawo kujera, ya ce in akwai saura a zubo masa. Na zuba masa ina tsaki a zuciya, ina cewa wannan wane irin marar ta ido ne, an yi masa tayi ya zauna da tsohuwa sa'ar kakarsa. Na shige kicin na bar su. Ina jin ta tana zuba masa Italiyanci, shi yana amsawa da Turanci, ba wanda ke gane wani, suna ta dariya. Da na fito farantinta fes, har ta sa burodi ta suɗe.

Sai na ce alhamdulillahi, yau na gano bakin zaren: miyar wake ce take so. Da sabon sati ya kama, kwana biyar a jere na dafa mata miyar wake. Ta ture ta kwana biyar a jere. Idan na tuna wannan satin sai in rasa ko dariya zan yi wa kaina ko kuka.

Ranar Juma'ar wannan satin Loretta ta duba littafin rahoto, ta ce ita abin yana ɗaure mata kai, domin Asabar da Lahadi uwarta tana ci lafiya lau. A hankali ta faɗa, tana cire rigar sanyi. Amma ni abin da na ji shi ne ana cewa ban iya girki ba, ko kuma ina zaune ina latsa waya tsohuwa tana kwana da yunwa. Zuciya ta ɗebe ni. Na buɗe firij na riƙa fito da robobin abinci ina jerawa a gabanta, na ce ta ɗanɗana ta gaya mini wanne ne ba daidai ba. Na ce shekara shida ina wannan aiki ba a taɓa kai ƙarata ba. Ta yi ta ba ni haƙuri, ta ce ba haka take nufi ba, wataƙila ganin 'yarta ne ke buɗe mata ciki. Na ɗauki jakata na fita. Tambaya guda ce ta rage tsakaninmu a ranar, yaya kike ba ta, kuma ba wadda ta yi wa 'yar'uwarta. Ita ta ji tsoron fushina, ni kuma girman kai ya hana ni.

Da na isa gida na zayyana wa Anti Abiba, ina jiran ta taya ni faɗa. Tana yankan kuɓewa, ba ta ɗago ba.

"Ke Zuwe, zuciyanki ya yi yawa paa," ta ce. "Wannan aiki ba a yin shi da fushi. Client ya ƙi ci, ki kira nurse, ki rubuta report, ki cire kanki. Tsoho in ya fara tafiya, ba ke za ki riƙe shi ba koraa."

Ita ma gidan da ta taso irin namu ne. Na gaya mata komai, har rabin burodin da ake turawa gaban kujera, kuma ba ta ga abin da ban gani ba. Ta ce tata tsohuwar ta Yonkers a cikin takalmi take ɓoye biskit.

A ƙarshen Afrilu Nonna ta miƙe daga kujera jiri ya ɗebe ta, na tare ta kafin ta kai ƙasa. Ba ta ji ciwo ba, amma a hannuna na ji yadda ta zama, kamar na ɗauki ƙunshin wanki busasshe. Nas ta auna, ta rubuta, ta kira likita. Cikin kwana goma aka samo mata gado a wani gidan tsofaffi can tsakiyar tsibirin. Ni na haɗa mata kaya. Loretta ta ce mata asibiti za a je a dawo. Nonna ta fita tana waiwayen tukwanen tumatir ɗin da muka jera tare a bakin taga, tana nuna mini su tana cewa acqua, acqua, wato kar in mance da ba su ruwa. Loretta ta rungume ni a bakin mota ta ce na yi iyakar ƙoƙarina. Na yarda da ita. Kamfani ya tura ni wani gida a Queens, na ci gaba da rayuwata, ina ba mutane labarin tsohuwar da ciwo ya hana ci.

Sai cikin Satumba na samu Asabar ɗin da ba ni da aiki. Na dafa pastina na zuba a kula, na ƙetare ruwa. A hanya ina ta shirya zuciyata, don na ɗauka ƙashi da fata zan tarar.

Na tarar da ita a keken guragu kusa da taga, Loretta na gefenta. Kumatunta sun ciko. An cire zaren da na ɗaura wa zoben. Na yi murna, amma ba zan ɓoye ba, har da kishi na ji. Na leƙa tiren da aka ajiye a kan wani keke a baranda, wani dafaffen karas ne da nama fari fat, ko gishiri ban ce ya gani ba. Wannan ne ya fi nawa? Na tambayi Loretta wane magani suka sa ta a kai. Ta ce babu, a babban ɗaki suke ci, su huɗu a tebur, da wata 'yar Poland da wasu biyu. Ta ce abincin ne kaɗai ya gyaru. Ba ta barci, kullum da yamma sai ta tattara kayanta a cikin rigar matashi ta zauna bakin ƙofa.

Nonna ta dube ni ta daɗe, sannan ta kama haɓata da yatsu biyu. Sunana ya ɓace mata, amma ta ce figlia mia. Na buɗe kular, ƙamshi ya tashi. Na zuba mata a kwano, na sa cokali, na ɗaura mata tawul. Ƙafafuna da kansu suka juya, na ce wa Loretta bari in jira a baranda har ta gama.

Loretta ta riga ta ciro kofunan roba biyu daga jakarta tana zubawa. Ko kallona ba ta yi ba, ta miƙo mini ɗaya.

"Ki zauna mana, kin san halinta. Ba za ta taɓa ba sai ta ga kin fara."

Na tsaya da kofin a hannu.

"Tun muna yara haka take," ta ce tana neman cokali. "Sai ta ga kowa ya kai baki sannan ta ɗauki nata. Babana ya yi shekara arba'in yana faɗa a kan wannan. Idan akwai mutum a gidan da bai ci ba, ko mai share dusar ƙanƙara ne, ita ba ta ci."

Sai ta ɗago. Ban san me ta gani a fuskata ba, amma hannunta ya tsaya a cikin jakar.

"Zuweira, duk watannin nan a ina kike cin naki?"

"A kicin," na ce.

"Ita kuma?"

Na so in gaya mata labarin Mma Rukaya da gemun kawuna, in gaya mata cewa a wurinmu wannan girmamawa ce, cewa ƙofar da nake jawowa don darajar uwarta nake jawo ta. Na so in ce ke ma da kin rubuta mini, ba ci kaɗai ba, da kin ƙara cewa da gaske take yi. Amma wa zai rubuta wa mutum cewa idan an ce ya ci, ci ake nufi? Ita a wurinta abin a fili yake kamar yadda nawa yake a fili a wurina. Loretta ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta zauna a bakin gado, ta rufe baki da tafin hannu. An sayar da gidan Rosebank tun watan Yuli, ta gaya mini a waya a lokacin, wasu ma'aurata masu jariri sun riga sun tare.

Na jawo kujera na zauna daf da tsohuwar, gwiwata tana taɓa tata. Na yi bismillah na kai cokali baki. Wata biyar na yi ina dafa abincin nan a gidanta, ban taɓa cinsa a zaune ba. Tana kallona har na haɗiye, ta gyaɗa kai, sannan ta ɗauki nata cokalin. Romo yana zuba a tawul, amma ba ta ajiye ba. Idan na dakata ta dakata. Dole na yi ta ci, hawaye na gangarowa cikin kofin, har ta ga ƙasan kwanonta. Ta goge baki, ta dube ni da irin gamsuwar da uwa ke yi idan yaro ya cinye.

Lokacin tafiya ya yi, na rufe kular na sa a jaka. Da ta ga na rataya jakar sai fuskarta ta washe. Ta cire tawul ɗin da kanta ta ninke, ta fara laluben takalmanta da ƙafa a ƙarƙashin keken. Ta kama gefen mayafina ta naɗe a hannu.

"Andiamo a casa," ta ce.

Ban buƙaci Loretta ta fassara mini ba. Mu tafi gida, ta ce. A ganinta ni ce mai kai ta, tunda tare da ni ta san gidan. Na dubi Loretta, ta juya tana kallon wurin ajiye motoci ta taga. Na durƙusa na ce aspetta, Nonna, aspetta. Ta yarda, ta ce za ta jira, amma ba ta saki ba. Na gwada zame mayafin a hankali, ta ƙara damƙewa. Ban iya ɓamɓare mata yatsu ba. Na kwance shi daga kafaɗata na bar mata, na fita da ɗankwali kaɗai, tana zaune ta sa takalmi ɗaya tana jirana.